Zuwa ga ɗan ƙanwata da ke son sayen motar kwana a Faransa

Ɗana, saƙonka ya iso, na saurare shi har sau uku. Ka ce in Allah ya sa ka samu bizar karatu ba za ka kama ɗaki ba. Mahaifiyarka za ta sayar da filinta na hanyar Mirriya, ka sayi ƙaramar motar nan ta hannu mai gado da madafa a ciki, wadda ake ce wa kampin-kar, ka riƙa kwana a ciki, da hutu kuma ka zaga Turai. Kai ne na huɗu daga Damagaram da ya kawo mini wannan magana bana, kuma dukanku a waya kuka gani. Sauran na sallame su da kalma biyu. Kai jinina ne, filin kuma na ƙanwata ne, don haka zauna ka ji.

A ƙasar nan ba a mallakar mota sai da adireshi. In ka saya, doka ta ba ka wata ɗaya ka mayar da kart giriz, wato takardar rajistar mota, da sunanka, kuma cikin takardun da za a nema har da shaidar inda kake zaune. Masu asirans za su tambaye ka inda motar take kwana, su tsawwala maka kuɗi don ba su san tuƙinka ba. Banki adireshi, takardar zama adireshi. Motar da kake so ta raba ka da haya, sai kana da wurin zama kafin ta zama taka.

Ni na sayi irinta a 2017, bayan shekara goma sha ɗaya ina aiki a Liyon, da takarduna, da ɗakina. Ƙirar 2004 ce, na biya Yuro 11,000, sama da sefa miliyan bakwai ke nan. Mai ita dattijo ne, ya dafa mini kofi, ya nuna mini hotunan jikokinsa. Na duba ta yadda muke duba mota a tasha: na kasa kunne ga inji, na kalli hayaƙi, na ja ta na dawo. Inji lafiya lau. Ashe ciwon irin wannan mota ba a inji yake ba, ruwan sama ne. Mu da muka tashi inda damina wata uku ce, gara kawai muka sani tana cin katako. A nan ruwa yakan sulala ta bakin tagar rufi ya bi cikin bango shekara da shekaru, ba ka ganin komai daga waje.

Cikin watan Nuwamba na buɗe kabad ɗin da ke saman gado, sai wari ya buge ni, irin na rumbun da damina ta shiga. Na danna bango da babban yatsa, ya nutse kamar cikin ƙullin fura, baƙin ruwa ya biyo hannuna. Da na ɓare, sai ga sabuwar takarda an manna a kan ruɓaɓɓen katako. Ya sani. Wannan ne yake ci mini rai har yau: mutum mai furfura ya kalli tsabar idona, ya ga baƙo ne, ya yi shiru ya karɓi guminna. Gyaran ya cinye albashina na wata uku.

Kuma dattijon yana da takardar bizit teknik (binciken lafiyar mota) mai kyau, wadda doka ta ce kada ta wuce wata shida ranar ciniki. Su birki da fitila da tayoyi suke dubawa, ba ruwansu da danshin bango. Gwajin danshi daban ne, da na'ura ake yi a gareji, kai za ka nema ka biya. Duk wanda ya ƙi a yi, juya ka tafi. Ka duba kart giriz a ga an rubuta VASP, rukunin da ake yi wa motar kwana rajista a ciki, domin da yawa motar kaya ce wani ya kafa wa gado da murhu a bayan gidansa, kuma tun Mayun 2018 irin waɗannan faɗuwa suke yi a bizit. Ka karɓi takardar da ke nuna ba bashi a kanta, wadda ba ta wuce kwana 15 ba. Nauyi kada ya haura tan 3.5, nan permi ɗinka ya tsaya.

Sai sanyi. Kada ka auna shi da hunturunmu da ake hura kara a ƙofar gida hantsi ya yi a watse. Gas ɗin butan ba ya tashi in sanyi ya kai na ƙanƙara, sai propan. Ruwan tanki yakan daskare, ka tashi asuba ba na alwala. In ka toshe kafofin iska don ɗumi kana kunna murhu, iskar da ba ta da wari ta kashe ka cikin barci. Bayan gida kuwa ƙaramin akwati ne, duk kwana biyu ko uku kai za ka ciro shi da hannunka ka nemi inda aka yarda a zubar. Mota ta wuce kwana bakwai a wuri ɗaya a bakin titi, laifi ne. Tawa mai gazuwal ce, lambar hayaƙinta ta Crit'Air 4 ce, har ta kai an hana ni shiga da ita tsakiyar garin da nake zaune. A haka za ka yi bitar darasi?

Ban ce ba ta da daɗi ba. Na gyara ta da hannuna da kuɗina, na ɗauki iyalina har Andalus, yarana suka tsaya cikin ginshiƙan tsohon masallacin Kurɗuba, kuma ina alfahari da wannan. Amma da muka gaji, gida muka dawo.

Abin da ke gabanka yanzu shi ne biza, ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Za a nemi shaidar kana da isassun kuɗin zama na kowane wata, aiki kuma awa 964 kawai aka yarda wa ɗalibi a shekara. Nemi ɗakin CROUS, hukumar da ke ba ɗalibai masauki, tun da wuri. In bai samu ba, falona yana nan.

Gaya wa mahaifiyarka kada ta sa hannu a takardar filin nan, zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko. In ka zo ka ci jarrabawar shekarar farko, da bazara zan miƙa maka makullin tawa, ka zauna gaba ka ja mu, ni ina gefe.