Amsa: ƙaramin kan jirgin nan mai jera taragu, zai yi aiki a Damagaram?

Ɗan'uwa ka tambaya ko ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa, irin mai tura taragu a cikin tasha, zai jure ƙurar garin nan. Zai jure, amma sai da kula. Nawa samfurin kan jirgin Ingila ne da ake kira Class 08, ƙirar kamfanin Bachmann, ƙafa shida, awon OO wato kashi 1 cikin 76 na girman jirgin gaske, faɗin layinsa milimita 16.5 daidai da na HO, wani awon jiragen wasa, don haka layin HO da ake samu daga Faransa yana hawansa lafiya lau.

Abin da ya sa nake sonsa tafiyar hankali, wallahi in ka rage kuran, wato wutar lantarki, sai ka ga sandunan gefen ƙafafun suna juyawa sannu sannu kamar mai taka ƙwai, yana jan tarago biyar ba ko gargada. Amma kuran ɗin ta ƙafafu yake sha daga layi, kuma shi gajere ne, to da hunturu ƙura kaɗan ta kwanta sai ya tsaya cik, musamman a mararrabar layi. Ni kullum kafin in kunna sai na jiƙa tsumma da alkol na farmasi na goge layin, baƙin da ke fitowa sai ka yi mamaki. Kada ka kuskura ka sa sanfefa, tana ƙarce layin datti ya ƙara kamawa.

In sabo ne, bar shi ya zagaya rabin awa gaba rabin awa baya ba kaya. Volt 12 yake ci, batirin sola ma ya isa in da abin rage ƙarfi. Man da za ka sa masa kuwa ɗigo ɗaya a bakin allura. Kuma ka rufe shi da zane, kar ka bar shi inda rana ke bugawa, roba ce tana lanƙwashewa.