Amsar Kawu Kan Ɓarayin Da da Kai Baƙo Gun Mai Unguwa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana jin tsofaffi na cewa a da babu sata a garinmu, kuma kana son sanin dalilin da ya sa har yau in mutum ya yi baƙo sai ya kai shi ya gaida mai unguwa.

Duk wanda ya ce maka babu sata, ƙaunar zamaninsa ce ta rufe masa ido. Da babu ɓarayi, da ba a naɗa Yari ba, da ba a gina gidansa ba. Ana satar awaki, ana kore shanu, ran kasuwa 'yan sane na yanke aljihu. Akwai ɓarawon rumbu, wanda zai kwanta ƙarƙashi cikin dare ya huda gindin, ya tara buhu, tsaba na zuba a hankali, mai gida bai sani ba sai bazara. Abin da ya bambanta shi ne gari ya san ɓarayinsa, ya san iyayensu, ya san mai sayen kayan, wato ɓarawon zaune.

Kuma ana raba ɓarna da sata. Yara su faɗa fadama su karya rake ko su tone dankali su gasa, wannan ɓarna ce, kowane babba ya gani zai tsula musu tsumagiya, uba kuma ya yi godiya. Amma wanda ya haura katanga, maganarsa ta wuce unguwa. Da asuba a bi sawu, a kai ga mai unguwa, shi ya kai ga hakimi, hakimi ga uban ƙasa, daga nan sai gaban alƙali, inda ake neman shaidu ko a ɗora wa mutum rantsuwa da Alƙur'ani. Na ga ƙato ya yi alwala, aka miƙo masa Littafi, hannunsa ya kama rawa, ya ce a je bayan gidansa a kwance akuyar.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 ba su rushe wannan tsari ba, sai suka jingina mulkinsu a kansa. Dogarai suka ci gaba, aka ƙaro 'yan dokan En'e, har ƙarshen shekarun 1960 lokacin Gowon aka haɗe su da 'yan sandan tarayya. Ba zan wanke su ba, an yi zalunci wajen karɓar haraji, an ɗaure talakawa saboda siyasa. Sai dai ɗan doka ɗan gari ne, ya san wane gida ne ya soma cin nama ba tare da sana'a ba.

Kai baƙo gun mai unguwa daga nan ya samo asali. Mai masauki ne ke ɗaukar nauyinsa: in baƙo ya yi ta'asa shi za a tambaya, in kuma an cuci baƙon, mai unguwa ne zai tsaya masa. Kariya ce ga ɓangarorin biyu.

Abin da ke ci mini rai yanzu shi ne halin da garuruwan Isa, Sabon Birni da Goronyo na jihar Sakkwato ke ciki. 'Yan bindiga ba sa shiga gari sai da ɗan gari mai kai musu rahoto, kuma tsoro ya hana mutane faɗar sunansa. Ga shi kuma matasa, da an yi ihun ɓarawo sai duwatsu da fetur, ba shaida ba alƙali. Kakanka ya sha tsayawa tsakanin taro da wanda aka kama har a kai shi ƙofar hakimi da ransa. In hakan ta faru a gabanka, kada hannunka ya taɓa dutse, ka ruga ka kira manya.