Ba ta gani, ta ƙi kamawa, ta ɗauke: kalmomin da muke kai ƙarar tsohuwar kwamfuta da su

Tambaya: Malam, yaya za a ce Wi-Fi da Hausa? Na ji ana cewa "intanet mara waya", abin ya ba ni dariya, don ni da waya nake kama shi.

Dariyarka tana kan hanya, amma laifin na kalmar waya ne, ta yi yawo da yawa. Da muka aro ta daga Turanci, siririn ƙarfen nan kawai take nufi. Saƙon da ake bugawa ta cikinsa ya karɓi sunan, tarho ya gada, salula ta gada daga tarho, har muka wayi gari muna kiran abin da ba shi da waya ko taƙi ɗaya da sunan waya. Magabata sun ga wannan tarko tun da wuri, shi ya sa suka ce "wayar iska" ga na'urar da ke aika magana ba tare da igiya ba.

Shi kuwa Wi-Fi ba shi da ma'anar da za a fassara. Suna ne na kasuwa da kamfanin Interbrand ya ƙirƙira a 1999, don sunan fasahar na asali, 802.11, ba ya zama a baki. Sunan yanka ba a fassara shi. Ka ce waifai, kowa ya gane.

Tambaya: Malam, kwamfutar cinyata ta haura shekara goma. Na ce wa mai gyara "intanet ɗinta ba ya yi", sai ya ce in fayyace: ba ta gani ne, ko ta ƙi kamawa, ko ɗaukewa take yi? Ni a wurina duk ɗaya ne. Da bambanci?

Mai gyaran nan ya san Hausa, ya kuma san aikinsa. Kowace aikatau da ya lissafa tana nuna wani wuri daban da cutar take.

Mu fara da gani. Bahaushe ya ba na'ura ido: idan sunan waifai bai fito a jerin da kwamfuta ke nunawa ba, sai mu ce ba ta gani. Wannan makanta iri biyu ce. Idan ba ta ganin kowa, har na maƙwabta, to a duba jikinta tukuna. Kwamfutoci da yawa na wancan zamani suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba, wasu kuma sai an danna maɓallin Fn tare da wanda ke da hoton eriya. Hannu kan goge shi ba a sani ba, a kwana ana zargin intanet.

Idan kuwa tana ganin na kowa ban da naka, maganar zango ce. Kalmar nan ta fatake ce, wurin da ayari ke sauka, rediyo ya are ta ya ba mu gajeren zango da matsakaicin zango. Waifai ma zango-zango ne. Katin waifai, wato ɗan sashen cikin kwamfuta da ke kama siginar, wanda aka ƙera a kan tsarin 802.11b na 1999 ko 802.11g na 2003 zangon gigahaz 2.4 kaɗai ya sani. Tsarin 802.11n na 2009 ya yarda da 2.4 da 5, amma katuna masu araha da yawa na lokacin a 2.4 suka tsaya. Sabuwar rauta, wato akwatin da ke watsa intanet ɗin, idan a zango na 5 kawai take magana, tsohuwar kwamfuta ba za ta san tana nan ba. A shiga saitin rautar a kunna 2.4. A kuma duba tasha: katin da aka saita don kasuwar Amurka sau da yawa daga 1 zuwa 11 yake tsayawa, ba ya ganin 12 da 13. A ajiye rautar a kan 1, ko 6, ko 11.

Sai kamawa. Ka lura da yadda muke faɗa: "ta ƙi kamawa". Mun ɗora mata taurin kai, alhali sau da yawa ba ƙi ta yi ba, kasawa ta yi. Ta ga sunan, ka sa kalmar sirri, ta yi ta juyi, ta dawo hannu rabbana. Kafin komai a sa ta manta da wannan waifai, a sake shigar da kalmar a hankali, ana lura da manyan baƙaƙe da ƙanana. In abin ya ci tura, to makulli ne ya sha bamban da mabuɗi. Tsarin tsaron waifai ya sauya sau da dama: WEP da farko, WPA a 2003, WPA2 a 2004, WPA3 a 2018. Tsohon kati bai san WPA3 ba. A mayar da rautar kan WPA2, ko kan saitin da ya haɗa biyun. Amma kada wani ya ba ka shawarar komawa WEP don tsohuwa ta ji daɗi. An daɗe da fasa shi, mai ɗan sani kan buɗe shi cikin mintuna.

Akwai wata da mai gyaranka bai ambata ba, wadda ni ta fi burge ni a nahawu: "ta haɗu, amma shafi ba ya buɗuwa". Aikatau masu ƙarewa da -u, irin su haɗu, kamu, gyaru, suna nuna abu ya tabbata a jikin wanda aka yi wa. To ga haɗuwa ta tabbata, amfani babu. A nan kwamfuta da rauta sun gaisa, abin da ke bayan gaisuwar ne ya tsaya. Ka gwada wata na'urar a kan waifai ɗin. In ita ma ba ta buɗe komai, ka wanke tsohuwa daga zargi. In ita kaɗai ce, duba adireshin da ta samu. Wanda ya fara da 169.254 alama ce rauta ba ta ba ta adireshi ba, ita ta laƙa wa kanta. A kashe rautar a sake kunnawa. Sannan ka dubi agogo. A cikin kwamfuta akwai ɗan batir kamar kwabo, galibi CR2032, shi ke riƙe kwanan wata idan an kashe ta. In ya mutu, sai ta farka tana zaton shekarun baya ake ciki, ta ƙi amincewa da takardun shaidar tsaro na shafuka, don a lissafinta lokacinsu bai yi ba. Gyara kwanan wata kawai ya sha warware abin da aka ɗauka babbar cuta ce.

Ɗaukewa kuma daga sama muka samo ta. Ruwa ya ɗauke, wuta ta ɗauke, numfashi ya ɗauke: abu yana nan, sai babu shi gaba ɗaya, kuma ana sa ran dawowarsa. Wasalin -e na ƙarshe shi ke ɗauke da wannan ma'ana ta rabuwa kwata-kwata, kamar a yanke da tsinke. Idan waifai na ɗaukewa yana dawowa, a duba saitin tattalin batir, don Windows kan kashe katin da kanta. Nisa da bango na rage ƙarfi, na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma a kusa da zangon 2.4 take aiki. Ga kuma gwaji mai sauƙi: ka motsa murfin gaba da baya. Eriyar tana cikin murfin, siraran wayoyinta ta maɗaurin suke bi, shekara da shekaru ana buɗewa ana rufewa. In sandunan sigina suna hawa da sauka tare da hannunka, waya ce ta gaji. Ka ga ashe mara wayar ma da wayarsa a ciki.

Tambaya: An ce in sabunta "direba". Ba za a ce matuƙi ba?

Za a iya, sai dai ba tuƙi yake yi ba. Ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin Windows da katin, tana mayar da umarnin wannan zuwa abin da wancan ke ji. Da ni aka tambaya tun farko, tafinta zan ce. Amma baki ya riga ya saba da direba, kuma kalmar da ta zauna ba a tashinta da takarda. Alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa kusa da sunan katin a Device Manager, wato wurin da Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, ita ke nuna tafintan ya samu matsala.

Tambaya: Malam, na ce wa ɗana ba zan rabu da kwamfutata ba, da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce karin maganar bai dace ba. Wa ya yi gaskiya?

Hajiya, kowa ya samu rabi. Ana yin karin maganar ne a kan abin da daɗewa ke ƙara wa daraja: dattijon da ya ga jiya ya ga yau, ko tsohuwar dabara da sabuwa ta kasa. Zuma ba ta lalacewa da ajiya, shi ya sa aka zaɓe ta. Allon kwamfutarki da madannanta suna iya zama zuma. Katin waifai da manhajar cikinta kuwa ba sa ƙara kyau da shekaru. Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na gama-gari ya cika a Oktoban 2025. A nan maganar ɗanki ta fi kusa da "in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya".

Wanda zan ƙara miki shi ne "garin neman gira a rasa ido". Gira ado ce, ido kuwa shi ne jari. Kada a je sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ko kwance murfi saboda waifai, wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Akwai ɗan katin waifai na USB, bai fi kan yatsa ba, wanda ake soka shi a gefe ya maye gurbin na ciki. A tabbatar yana jin zango biyun, kuma yana da direban da ya dace da Windows ɗin da ke kanta. Direban kuma a sauko da shi tukuna ta wata na'urar, ko a jona kwamfutar da rauta da igiya, don wadda ba ta da intanet ba za ta iya ɗauko maganin rashin intanet da kanta ba.