Shawarwari Ga Masu Kiwon Kifi: Baƙin Hayaƙin Da Ke Sauka A Kan Ruwa

Tambaya daga wani mai kiwo a Kumbotso, Jihar Kano: "Ina kiwon tarwaɗa a tankunan tamfol, janaretan da ke jawo mini ruwa kuma yana gefensu. Kullum da safe sai in ga wani baƙi-baƙi ya kwanta a saman ruwan. Kifayen sun rage cin abinci, suna tsayawa a tsaye kai sama, wasu ma suna cizon juna. Na zuba maganin ƙwayoyin cuta, shiru."

Malam, kafin komai ka ɗauke janaretan nan yau, ka kai shi nesa da tankunan, ka juya bakin salansar yadda iska za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi. Maganin da kake zubawa ka dakatar da shi. An yi shi ne don kashe ƙwayar cuta mai rai, ba zai taɓa ƙurar hayaƙi ba, sai dai ya ƙara ɓata maka ruwa ya cinye maka kuɗi.

Abin da ke kwanciya a saman ruwanka kunkunniya ce, wato ragowar man da bai ƙone sarai ba. Wadda kake gani da ido ita ce manya. A cikinta akwai ƙanana da sai an raba milimita ɗaya gida dubu goma kafin a kai girman ƙwaya ɗaya, wasu ma ba su kai haka ba, don haka ba rariya ko ƙyallen da zai tare su. Kuma ba su kaɗai suke zuwa ba, suna ɗauke da maiƙon mai da wasu sinadarai irin na hayaƙin taba, waɗanda aka tabbatar wasunsu na jawo ciwon sankara.

Ka kamo kifi ɗaya cikin masu tsayuwar nan, ka ɗaga murfin kunnensa ka duba jan naman da yake numfashi da shi. Na lafiyayyen kifi ja ne jawur, zare-zarensa a rarrabe kamar haƙoran mataji. Idan ka same shi ya koɗe, ko ya yi ruwan ƙasa, yauƙi ya haɗe zare-zaren wuri guda, to nan matsalar take. Fatar wurin siririya ce ƙwarai domin iska ta ratsa ta shiga jini. Da zarar ƙura ta manne mata sai jikin kifin ya yi ta fitar da yauƙi don ya wanke ta, yauƙin kuma shi ke toshe hanyar iskar. Tarwaɗa na da wata gaɓa ta daban a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take daɗewa tana wahala ba ta mutu ba, mai ita yana zaton lafiya lau. Da karfasa kake kiwo, da tuni ka fara kwasar gawa.

Amma kada ka ɗora wa hayaƙi laifin duka tun ba ka gwada ba. Tarin kashin kifi da ragowar abinci na haifar da amoniya, ita ma haka take ƙona wurin numfashi. Ka nemi ɗan kayan awon ruwa a wajen masu sayar da abincin kifi, ka auna amoniya, ka auna tsamin ruwa, wanda ake so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5 a ma'aunin da ake kira pH. Ka daina ba su abinci kwana ɗaya ko biyu. Ka bar ruwa ya tumbatsa ta sama don baƙin ya fita, sannan ka sauya kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi a hankali. Ruwan burtsatse ba shi da iska sosai, don haka ka sa ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama. Gishirin girki kilo 1 zuwa 2 a lita 1,000 na rage musu wahala. Waɗanda aka ji wa rauni ka ware su, ka kuma raba manya da ƙanana, domin tarwaɗa ko ba hayaƙi tana cin 'yar'uwarta.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce ya karanta cewa ƙananan ƙwayoyin kabon (sinadarin da ke cikin gawayi da kunkunniya) da masana'antu ke ƙerawa suna sauya halin kifi, yana son sanin ko hakan ya shafi manomi.

Ɗana, abin da ka karanta yana da tushe. A 2004 wata masaniya a Amurka, Eva Oberdörster, ta saka 'ya'yan wani kifin ruwan daɗi a ruwan da ke da irin waɗannan ƙwayoyi, rabin miligiram a kowace lita, bayan awa 48 ta samu alamun lahani a kitsen ƙwaƙwalwarsu. Daga baya wasu masana sun nuna cewa sinadarin da aka narkar da ƙwayoyin da shi na iya zama sanadin wani ɓangare na wannan lahani. Binciken da ya fi amfanar mai kiwo shi ne na Jami'ar Plymouth a Ingila a 2007, na Richard Handy da abokan aikinsa. Sun yi kwana 10 suna gwada ƙwayoyin kabon masu siffar bututu a kan wani kifin ruwan sanyi, daga miligiram 0.1 zuwa 0.5 a lita. Numfashin kifayen ya ƙaru, wurin numfashin ya kumbura yana fitar da yauƙi, suka kuma shiga cizon fika-fikan juna har wasu suka mutu. Ka lura da ƙanƙantar abin: rabin giram ke nan a tankin lita 1,000.

Waɗancan ƙwayoyi ƙerarru ne, ana sa su a batura da kayan lantarki, ba su ne ke tafkin manominmu ba. Namu na zuwa ne daga dizal, da ƙona taya, da ƙona bola. Abin da za mu ɗauka daga binciken shi ne halin kifi na sauyawa tun kafin ya mutu. Akwai kuma wani abu: a ruwan tafki ƙwayoyin kan dunƙule su nutse cikin laka, tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo, kullum tana tono su.

Wata Hajiya daga Kaduna ta ce an ba ta shawarar ta riƙa barbaɗa garin gawayi ko toka don ruwa ya yi tsabta.

Hajiya, don Allah kada ki barbaɗa ko ɗaya. Garin gawayi zai yi ta yawo a ruwa ya manne musu a wurin numfashi. Toka ta fi muni, domin tana da kanwa-kanwa, kuma duk lokacin da ruwa ya karkata wajen kanwa gubar amoniya na ƙaruwa. Idan gawayi kike son amfani da shi, ki sami manyan gutsattsari, ki wanke har ruwan wankin ya fito fes, ki zuba a durom ɗin tace ruwa tare da tsakuwa, ki riƙa sauyawa. Yana rage wari da launi, amma ba ya ɗauke amoniya yadda za ki dogara da shi. Sauya ruwa ne ke yin wannan aikin.

Tambaya ta ƙarshe daga mai tafki kusa da mayanka, inda ake babbaka da tsofaffin tayoyi: kifinsa zai ciwu?

Hayaƙin taya na cikin mafi munin abin da zai sauka a ruwan kiwo, ga kunkunniya ga kuma sinadarin zink da ke cikin robar. Mutanen Fatakwal sun san yadda baƙar ƙura ta fara rufe gari a ƙarshen 2016, har cikin ɗaki take shiga, balle tafkin da ke buɗe. Ka yi wa naka rumfa mai tsayi da iska za ta riƙa ratsawa, ka rufe tankin ajiyar ruwa, kada kuma ka tari ruwan saman farko daga kwanon rufi ka zuba wa kifi. Ku haɗu da maƙwabta ku yi wa shugabannin mahauta magana su koma itace ko gas, domin gandar da suke babbakawa mu ne masu cin ta.

Kifi na sarrafa yawancin irin wannan guba ta hanta da matsarmama, saboda haka a cire kayan ciki da wurin numfashi a zubar, a wanke naman sosai. Kifin da ya mutu da kansa, ko wanda namansa ke warin mai, kada a ci kada a sayar. Wajen banda kuma kada a hura wuta da leda ko roba. Idan mutuwar ta yi yawa, ka ɗebi ruwan a kwalbar gilashi mai tsabta, ka cika ta fal ka toshe, ka sa a ƙanƙara tare da kifi biyu ko uku da suke gab da mutuwa, ka kai sashen nazarin kifi na jami'ar da ke kusa da kai, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, a ranar da ka ɗeba.