Tambaya da Amsa: Shin yankan ciyawa ma bincike ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a fannin kimiyyar dabbobi, kuma an tura ni horon SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, wurin masu binciken filayen kiwo a daminar bana. Waɗanda suka riga ni zuwa sun ce aikin bai wuce yankan ciyawa da ɗaukar buhu ba. Shin zan ƙaru da wani abu, ko in nemi a sauya mini wuri? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarata ita ce ka je, domin abin da abokanka suka raina shi ne tushen binciken gaba ɗaya.

Ana neman ɗalibai a wannan lokaci ne saboda ciyawa ba ta jiran kowa: tana tsirowa da faɗuwar damina, ta cika girma wajen Satumba, sannan ta bushe amfaninta ya ragu, don haka tilas a auna ta cikin 'yan makonni. Za a ba ka ƙarfe mai kusurwa huɗu, mita 1 tsawo mita 1 faɗi, ka ajiye shi a wuraren da aka ƙayyade, ka rubuta sunan kowane tsiro da ke ciki, ka yanke, ka auna nauyinsa, sannan a busar da shi a tanda har nauyin ya daina raguwa. Saniya mai kilo 250 tana cin busasshen abinci kimanin kilo 6 a rana, kuma da wannan adadi da nauyin busasshiyar ciyawar da ka auna ake lissafa yawan shanun da fili zai iya ɗauka. Ka tuna cewa hekta ɗaya ta ninka ƙarfen nan sau 10,000, saboda haka idan ka matsar da shi zuwa inda ciyawa ta fi duhu don ka huta da tafiya, kuskurenka zai ninku haka nan, kuma wata rana dabbobin wani bawan Allah ne za su kwana da yunwa.

Abin da na fi so ka koyo shi ne karanta fili da ido. Inda gamba da kyasuwa da harkiya suka yawaita, akwai alheri; inda tafasa da tumfafiya suka mamaye, ƙasa ta gaji da kiwo. A nan makiyayi malaminka ne, domin ya san ciyawar da ke kawo nono da wadda shanu ke ƙi, don haka ka gaishe shi da ladabi, ka tambaya, ka rubuta.

Fannin yana da tarihi a ƙasar nan. Gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda aka kafa a 1928, ita ce ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, a 1976, kuma tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo.

Ka tanadi takalmin roba saboda maciji, ka riƙa duba jikinka da yamma saboda kaska, kuma ka yi rubutu da fensir, domin ruwan sama yana wanke tawada. Kafin horon ya ƙare, ka roƙi mai kula da kai ya zaunar da kai lokacin da ake shigar da alƙaluman cikin kwamfuta, ka ga yadda buhunan da ka ɗauko suka zama adadin shanu.