Tambaya da Amsa: Shugaban Kamfanin Gini Ya Rasu, Ya Bar Ayyuka da Iyali

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata biyu da suka wuce. Ya shugabanci kamfanin gine-gine sama da shekara talatin, a gida kuma uba ne da bai taɓa barinmu mu yi kewarsa ba. 'Yan uwa sun ɗora mini rubuta tarihinsa a ɗan littafin da za a raba. Na cika shafi biyu, da na karanta sai na ga yabo ne da zai dace da kowa. Ta ina zan gyara? *'Yar marigayi*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. Abin da ya faru da rubutunki shi ne kin dogara da abin da ke ranki kaɗai, alhali rabin rayuwarsa yana cikin fayilolin ofis. Ki je can tukuna. Ki nemi takardun kwangila, takardun shaidar kammala aiki, littafin da foman yake rubuta abin da aka yi kullum a wurin gini, da hotuna. Daga nan ki fitar da ayyuka biyar ko shida kawai, kowanne da shekarar farawa, shekarar miƙawa, da matsayinsa a ciki.

Matsayin nan shi ne inda iyalai suka fi zamewa. A babban gini akwai mai zane, akwai injiniyan da ya lissafa ƙarfin rodi da kankare, akwai babban ɗan kwangila, akwai kuma ƙananan 'yan kwangila masu wuta, famfo ko rufi. Idan kamfaninsa rufi ya yi wa asibiti, ki rubuta rufi. Ranar da littafin ya fita, abokan sana'arsa ne za su fara karantawa, kuma sun san wanda ya yi me. Kowace shekara da za ki sa, ki tabbatar da ita daga takarda, domin mutane kan haɗa shekarar da aka ba da aiki da shekarar da aka buɗe shi. Kafin ki ambaci sunan wanda aka yi wa gidan zama, ki nemi izininsa. Kuɗin kwangila kuwa ki bar shi gaba ɗaya.

Sai ki zauna da mutum uku: foman da ya fi daɗewa da shi, birkila ko kafinta, da direba. Kada ki tambaye su ko mutumin kirki ne, za su ce eh su yi shiru. Ki tambaye su me yake fara dubawa idan ya iso wurin aiki, ya taɓa sa an rushe wani abu an sake, yaya yake yi idan kuɗi ya makale albashi ya zo. Haka za ki yi da ɓangaren gida: wa yake kira idan ya yi tafiya, me ya hana ku, wane karatu ya biya ba a sani ba. Kalma 700 zuwa 900 sun isa. Ki ba mahaifiyarku da babban yayanku su karanta kafin a kai wurin bugawa.

Tambaya: Maigidana ya rasu ya bar ayyuka uku ba a gama ba, ɗaya an zuba dekin, wato rufin kankare, kwana huɗu kafin rasuwarsa. Ma'aikata suna ta zuwa gida, ni kuma ban san komai a harkar ba. Me ya kamata a fara yi? *Uwargidan marigayi*

Amsa: Hajiya, Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari. A fara da ginin da aka zuba wa dekin, don shi ne ba ya jira. Kankare yana buƙatar jiƙawa da ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka lissafa masa. Idan zaman makoki ya sa an daina ba shi ruwa, samansa zai tsattsage. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne cire katako da sandunan tokare da wuri, sau da yawa saboda mai hayarsu ya zo karɓar kayansa. A biya shi ƙarin kwanaki. Kada kowa ya taɓa tokaren sai injiniyan aikin ya ba da izini a rubuce. Ƙaramin dekin kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, dogayen bim, wato kankaren da ke kwance kan ginshiƙai yana ɗauke da dekin, har mako uku.

Sauran wuraren biyu a rufe su da kyau. Siminti a ɗora shi kan katako, nesa da bango, kada a jera fiye da buhu goma a tsaye, a lulluɓe da leda. Wanda ya wuce wata uku a ajiye ya fara rasa ƙarfi, sai an gwada kafin a sa shi a ginshiƙi. Wanda ya dunƙule har hannu ba ya murƙushe shi ya tashi daga aiki. Rodin da ya leƙo daga kan ginshiƙai a shafe shi da ruwan siminti saboda tsatsa. Ramukan tushe a kewaye su, domin ruwan sama yana zubar da gefensu, yara kuma suna faɗawa. A ci gaba da biyan maigadi, ko me za a rage. A ranar farko mutum biyu, ɗaya daga iyali ɗaya daga kamfani, su ƙirga kaya tare: buhunan siminti, rodi bisa kaurinsa, injin kwaɓa kankare, janareta, motoci. A ɗauki hoto, su sa hannu. Kayan gini a irin wannan mako ƙafa suke yi.

Daga nan sai takardu, kuma nan lauya ya zama dole, don doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Tambayar farko: kamfanin mai rajista ne da daraktoci da hannun jari, ko kasuwanci ne da sunansa shi kaɗai? Idan na farko ne, kamfanin yana nan da ransa, kwangilolinsa ba su mutu ba, hannun jarinsa ne kawai ya shiga gado. Idan na biyu ne, dukiya da bashin duk sun koma cikin abin da ya bari. Ko wanne ne, kada a yi amfani da katinsa ko a cire kuɗi da tsohon cekin da ya sa wa hannu. A sanar da banki, a bi hanyar sauya masu sa hannu. A rubuta wa masu ayyukan uku wasiƙa cikin makon nan, a faɗi wanda zai riƙe aiki, a nemi ƙarin lokaci, saboda yawancin kwangiloli suna da tarar jinkiri da ake lissafawa kullum ko mako-mako. A duba inshorar wuraren aiki ma, kada ta ƙare ba a lura ba.

Akwai kuɗin da iyalai kan manta da shi. A yawancin kwangiloli wanda ya ba da aikin yana riƙe wani kaso daga kowane biya, galibi kashi 5 cikin 100. Ana sakin rabi idan an miƙa gini, sauran rabin sai bayan lokacin gyaran kurakurai, wanda kan kai wata 6 zuwa 12. Akanta ya bi ayyukan shekaru biyun da suka wuce ɗaya bayan ɗaya, ba mamaki a sami kuɗin da ba wanda ya nema. A ɗaya gefen kuma, kuɗin somin aiki da aka ba marigayin ba riba ba ne; duk abin da ba a yi aikinsa ba, bashi ne.

Ma'aikatan da ke zuwa gida a mayar da su ofis, a sa musu rana ɗaya. Kowa ya zo da abin da yake bi, a gwada da littafin foman da na akanta. Leburori da masu aikin yini a fara sallamarsu, kuɗinsu kaɗan ne kuma da shi suke ci. Masu kawo yashi, tsakuwa da bulo su kawo takardar karɓar kaya mai sa hannun wurin aiki. Wanda ya zo da baki kawai a rubuta sunansa da adadin da ya faɗa, a ce ya dawo bayan an bincika.