Koren shayi mai araha ya yi mini ɗaci

Tambaya: Anti, ina son in riƙa shan koren shayi, amma na manyan kantuna, mai 'yan ƙullin nan da zare, ya fi ƙarfin aljihuna. Na sayi mai araha, ɗaci ya hana ni sha. Ko jabu aka sayar mini? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙanwata, ban zargi ganyen ba, ruwanki nake zargi. Koren shayi ba ya son tafasasshen ruwa. In ruwa ya tafasa, sauke shi ki bar shi ya ɗan huce kamar minti biyar, sannan ki zuba a kan ganye cokalin shayi ɗaya ga kowane kofi. Minti biyu zuwa uku, ki tace. In ya wuce haka, bauri da ɗaci ne za su fito. Kada ki zubar da ganyen, zai ba ki kofi na biyu, wani lokaci har na uku. Nan ribar take.

Za ki ce ai Buzaye a buta suke dafa shi kan gawayi har ya yi kumfa. Haka ne, amma su da gangan suke neman ƙarfin, sukari mai yawa ne ke kashe ɗacin. Ke da ba haka kike so ba, bar musu.

Wajen saye kuwa, ganyen nasu za ki nema, wanda ake kawowa daga Sin a ƙananan kwalaye. Za ki ga lamba a jiki: 3505 shi ne mai dunƙule-dunƙule kamar harsashi, 41022 da 9371 kuma dogayen ganye ne a murɗe. Ni na fi son dogon, ya fi laushi a baki. Sayi ƙaramin kwali tukuna, ki shinshina. In kika ji warin fumfuna ko kika ga rabinsa gari ne, kada ki sake komawa wurin. Wanda aka rubuta wa "shayin rage ƙiba" aka ninka kuɗinsa, ki wuce shi.

Juye ganyen a gwangwani mai murfi, nesa da rana, nesa da daddawa da yaji, don yana kwasar wari. Na'ana'a ko 'yar citta sun isa ƙamshi.

Abu ɗaya: shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarin jini daga abinci. In kina da ƙarancin jini, ba da tazarar awa ɗaya bayan cin abinci kafin ki sha.